Layin Baya

Na ajiye rahoton a gaban tsohon malamina don ya sa hannu. Hukumar makaranta ce ta aiko ni in auna koyarwarsa: ko a bar shi a aji, ko a sallame shi. Na rubuta cewa ba shi da aibu.

Ya karanta har ƙarshe.

"Ɗana, haka na koya maka? Ma'auni, hujja, sannan hukunci. Ina hujjarka?"

"Malam, ai na zauna a ajinka."

"A layin baya, na gan ka."

Ya zaro jan biro ya rubuta a gefen takardar: Sau uku bakin yarinyar da ke kusa da kai ya motsa, ban ji komai ba. Kunnena ya yi nauyi, amma ba ka rubuta ba.

Ya turo mini takardar.

"Je ka sake rubutawa."