Alawar Kaka

"Tafiya zan yi da jikata," in ji surukata. "Yarinya na fama da amosanin gaɓɓai, kullum kina sa ta motsa jiki tana kuka, ga hana ta zaƙi. Ke uwa ce ko soja?"

"Mama, likita ya ce kwanciyar ce za ta sandarar mata da gwiwoyi. Ba inda za ta."

Wata takwas ke nan ina gasa gwiwoyin nan da ruwan ɗumi, muna ƙirga taku daga gado zuwa ƙofa.

Surukata ta zaro alawa don ta ƙular da ni. Kafin in ƙwace, 'yar tawa ta wafce, ta zura a guje.

Da iya ƙarfina na bi ta har bakin titi. Ban kamo ta ba.