Nauyin Baki

Mai shagon kayan sauti ya sake kinkimo mana wata amfilifayar har falo.

"Lasifikokinka nauyin baki gare su, Baba," in ji shi. "Ba kowace amfilifaya ke iya sa su magana ba. Wannan kam za ta tura su."

Haka ya faɗa a kan ta bara, da wadda ta gabace ta.

Ya jona wayoyi, ya murɗa. Gilashin taga ya hau karkarwa, hoton marigayiya Mama ya karkace a bango, na toshe kunnuwana. Baba kuwa ya miƙa wuya daga kujerarsa yana jira.

"Har yanzu ƙasa-ƙasa suke yi," ya ce.

Aka kashe. Ina bayansa na ce, "Baba, ya isa haka." Ko waiwayowa bai yi ba.

Sai mai shagon ya zagaya ta hagun Baba, ya sunkuya, ya kai baki daf da kunnensa.

"Akwai yayarta a shago."

Mu 'ya'yansa ba mu taɓa lura ba. Mai shagon kuwa har ya san kunnen da ya rage wa Baba.