An Ce In Huta

Inna Mai Keke ta tsufa, amma ba ta ƙare ba. Gari na wayewa za ta jawo keken ɗinkinta bakin ƙofar shago, ta ɗiga masa mai, ta goge shi da tsumma, ta ɗora ƙafa. Kafin rana ta ɗaga bencinta ya cika da mata. Wata ta kawo yadi, wata rigar da ta matse ta, wata kuwa ba ta kawo komai ba sai damuwarta.

Inna ba ta tambayar labari, awo ke gaya mata. "Ke, ƙugun nan ya ƙaru fa. Kin gaya wa maigidan, ko ni zan yi masa albishir?" Sai benci ya fashe da dariya. Ta dubi wata ta ce, "Ke kuma kin zube. Zauna, in kowa ya watse mu yi magana."

Rannan allura ta soke ta a yatsa, abin da ya sha samunta tun tana budurwa. Ta ɗaure da ƙyalle ta ci gaba. Sai ga ɗanta Auta ya tsaya da motarsa.

"Inna, mene ne wannan? So kike a zage ni? A ce ina hawan mota, uwata na taka keke?"

"Wa ya zage ka? Turo min shi in ɗinke masa baki."

"Ba wasa nake ba. Kin yi aiki ya isa, yanzu hutu za ki yi."

Shi da yayyensa suka gama shawara ta waya, ba wanda ya tambaye ta. Aka rufe shago. Ƙawarta mai kitso, wadda suka tsufa tare a layi ɗaya, ta riƙe ƙofar motar tana roƙo. "Ɗan nan, ka bar mata kekenta, ko a lungu ne."

"Gwaggo, ku kun saba da wahala ne," in ji shi. Aka tura keken ɗakin ajiya, aka ɗora masa tsoffin katifu.

Ɗakin da aka ba Inna a saman benen gidan Auta ba abin da babu. Gado mai laushi, fanka, talabijin. In ta ɗauki tsintsiya, a karɓe. "Inna, huta." In ta leƙa kicin, a juyo da ita. "Inna, huta." Wata safiya ta hango maɓallin rigar Auta yana reto, zuciyarta ta yi fari, ta ce a miƙo mata allura da zare.

Matar Auta ta yi dariya. "Haba Inna, ki sake soke kanki? Akwai tela a bakin titi."

Akwai tela a bakin titi. Ita aka gaya wa haka! Daga ranar ba ta ƙara neman komai ba.

A da ta san ranar da ake ciki, don kullum akwai wadda ta yi wa alkawarin kaya. Yanzu jiya da yau sun zama ɗaya. Ta fara maimaita tambaya, ta fara ɓata sunayen jikoki. Aka ce tsufa ne. Tana zaune a tsakiyarsu za su riƙa cewa, "Ta ci? An ba ta maganinta?" kamar ana zancen tukunyar fure.

Sai ƙafafunta suka fara motsi. Tana kan kujera, su yi ta bugun ƙasa, tak tak tak. Aka sayo maganin rawar jiki, bai yi ba. Ƙarshe aka cusa mata matashi a ƙarƙashin ƙafa, wai ƙarar tana damun mutanen ƙasan benen.

Da mai kitso ta samu ta hawo benen nan da ciwon gwiwarta, Inna ta dube ta ta ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Wa kike nema?"

Mai kitso ta jawo Auta da hannun riga, ta fizge matashin ta yar. "Saurara! Kai da ka yi rarrafe a gindin ƙafar nan, saurara!"

Ya saurara. Ƙafar ta yi gudu mai tsawo, ta tsaya. Hannun Inna ya juya wani abu da babu shi. Ƙafar ta sake ɗauka. Sautin da ke sa shi barci yana jariri. Ɗinki take yi.

A ranar aka tono keken, aka kankare tsatsa, aka zuba mai, aka ajiye shi a gabanta. "Inna, ga kekenki."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta miƙa hannu har ya kusa taɓawa, sai ta janye da sauri, ta ɓoye shi a cinya kamar yarinyar da aka kama.

"A'a," ta ce. "An ce in huta."

Auta ya durƙusa yana kuka. "Ni na ce, Inna, kuma na janye. Ki taka."

Ta shafa kansa. "Allah ya yi maka albarka. Ɗan wane gida ne kai?"

Keken yana nan a ɗakin, an mayar da shi teburin ajiye magani. A gefensa ƙafafun Inna suna ta taka ƙasa.

To, ku masu iyaye a raye, da ku nake, kuma ba zan sassauta ba. Haƙƙin Inna wa zai biya? Tsoho ba jariri ba ne. Hankali abinci yake ci kamar ciki, abincinsa kuwa a neme ka, a tambaye ka, ka yi abu da hannunka. In kun raba tsoho da abin da ke tashinsa da safe, kun binne shi da ransa, ko a kan wane irin gado kuka kwantar da shi. Wanda ya ɓoye keken uwarsa ko gudumar ubansa ya fito da su yau, tun mai su yana gane su.