Ɗoɗɗoyar Bakin Zaure

Ƙawata Hansai, tunda kin dage cewa sai an ɓoye abu yake albarka, matso ki ji wani misali.

Wata mata ce 'yarta ta fari ta samu ciki, za ta zo gida haihuwa ƙarshen damina. Matar ta ƙudurta a ranta cewa farfesun jego ba za a yi shi da busasshen ganyen kasuwa ba, sai da ɗanyar ɗoɗɗoyar gidanta. Ruwan farko na sauka ta samo tsofaffin robobi biyu, ta huhhuda gindinsu don ruwa ya riƙa wucewa, ta cika su da ƙasa da ruɓaɓɓen takin awaki, ta yafa iri. To amma ta san matan unguwa, ƙamshi na tashi za su soma sallama. Sai ta yi dabara. Roba ɗaya ta ajiye a bakin zaure, ta ce wannan ta Allah ce, kowa ya tsinka. Ɗayar kuwa ta kai ta bayan rumbu, inda rana ke samunta, ido ba ya samunta.

Kullum sai wata ta shigo ta tsinke kan ta bakin zaure ta tafi miya da shi, matar gidan tana murmushi, zuciyarta na cewa sun kashe shukar. Ta bayan rumbu ko ganye ɗaya ba ta yarda an taɓa ba. Shukar ta miƙe zar har cinya, ta fitar da farin fure, matar tana kallo tana cewa Masha Allah.

Ranar da aka sauka lafiya, nama na kan wuta, ta ɗauki faifai ta zaga bayan rumbu. Kara kawai ta tarar, da zangarniyar iri. 'Yan ganyen da suka rage sun ƙanƙance sun yi rawaya, ta tauna ɗaya ta ji ɗaci. Ta dawo da faifai wayam, tana tunanin abin da za ta saka wa maijego. Ungozoma ta dube ta, ta ja hannunta zuwa bakin zaure. Ga ɗoɗɗoya ta baje kamar kaza kan ƙwai, ta rufe robar ruf.

Ungozoma ta ce, "Hajiya, ɗoɗɗoya hannu take so. Duk kan da aka tsinke, biyu yake fitarwa. Wadda aka bari ta yi fure kuwa ta gama aikinta a duniya."

Da ita aka yi farfesun ranar, da ita aka yi na suna, har aka yi arba'in ba ta ƙare ba. Gaskiyar Hausawa, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Don Allah Hansai, ki bar wannan tsakaninmu. Matar tana nan layinmu, kuma har yau maƙwabta ba su san akwai roba ta biyu ba.