Dutse na Huɗu

Duwatsu uku sun isa murhu, amma Kassimu huɗu yake ajiyewa. Uku su ɗauki tukunya, na huɗu a gefe, tsininsa na duban inda zai nufa da safe. Haka gidansu ke yi tun da Alƙalawa ta faɗa hannun masu jihadi, kakanni suka watse a daji, na gaba yana bar wa na baya alama. Shi dai ya taso ya tarar, hannunsa ne kawai ya saba.

Tun da aka yi sadakar wansa Maliki, wanda 'yan bindiga suka ɗauke a gona aka ce sun kashe, zaman garin Isa ya gundure shi. Ya jawo tsohon keken gida, ya ɗaure tabarma da buta da famfo, ya ce sai garin Tsibiri, ta hanyar da kakanni suka bi.

Tafiya ta yi daɗi da fari. Rana ta take, ya sauka gindin tsamiya. Ƙaya ta huda taya, ya zauna ya yi faci. Ya wanke riga a tafki, ya shanya a kan keke, ya dafa shinkafa da wake ya ci shi kaɗai.

Bayan garin Turba wani ɗan kabu-kabu ya cim masa a kan babur.

"Malam, wani na cigiyarka baya. Ya rufe huska da rawani, yana jan ƙafa, ramamme kamar karan dawa. Wai keken ga nashi na."

Kassimu ya waiga baya. Ai haka 'yan leƙen asirin mutanen daji ke yi, su laƙa maka sata, su tsayar da kai har iyayen gidansu su iso. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai gudu.

Ya bar babbar hanya, ya bi ta makiyaya, ya ratsa gonaki. A banza! Duk garin da ya shiga sayen gishiri, labarin mai rawani na biye da shi. Abinci ya daina shiga. Ko kukan akuya ya ji sai ya waiga.

Kusa da Gangara ya hau tudu ya duba baya. Ga mutumin can nesa, durƙushe a inda ya kwana, yana shafa duwatsun murhu. Ya miƙe da ƙyar, ya bi daidai inda na huɗu ya nuna.

Tsoro ya koma haushi. Ashe la'anannen ya gano dabarar!

A Tsamaye Kassimu ya hura wuta kamar kullum. Da gari ya waye, ya juya tsinin dutsen ya dubi dajin da 'yan bindiga ke zama. Bari mai rawani ya koma wa 'yan'uwansa can. Sannan ya saɓa keke a kafaɗa, ya ƙetare gonar gero, don kada taya ta bar sawu.

Daga ranar bai sake jin ɗuriyar mai rawani ba.

Ya isa Sabon Birni da walwala, ya sauka gidan Gwaggo Zulaihatu, ƙanwar mahaifinsa. Tana dama masa fura yana ba ta labari, har da dariya.

Ludayi ya tsaya a hannunta.

"Mi kac ce? Dutsen ya bi?"

"Shi ya bi, Gwaggo. Na tura shi daji."

Tsohuwa ta dubi keken da ke jingine da danga, ta dube shi.

"Ɗana, keken ga na wa ne kahin kai? Duk duniya mu uku muka rage masu karanta dutsen nan: ni, da kai, da Maliki."