Garin da ke Ƙarƙashin Rijiya

Malam Ɗahiru ya shimfiɗa takardar buhun siminti a kan tabarma, ya danne kusurwoyinta da duwatsu. A jikinta aka zana wata ƙasa da babu ita a duniya, da kogunanta da garuruwanta.

Wani Bature malamin sakandare ne ya koya masa wasan a Birnin Kudu, shi kuma ya kawo shi Gwaram. Kowane ɗan wasa da mutuminsa a cikin ƙasar, wani maharbi, wani bafatake. Ka faɗi inda ka nufa, Malam ya gaya maka abin da ka tarar. In abin na sa'a ne, sai a watsa 'ya'yan tsamiya shida da aka goge wa gefe ɗaya, don liman ya ce ɗan ludon Bature caca ne.

Doka ɗaya ce: ƙasa a buɗe take, kowa ya je inda ya ga dama. Shekara biyu ana yi bayan la'asar, ba a taɓa ƙure Malam ba. Ka yi gabas, ka tarar da gari har da sunan mai unguwa da gulmar da ake yi a gidan biki. Sau ɗaya aka fasa zama, wani mako da ciwon haƙori ya kwantar da shi.

Rashin ƙure Malam ɗin nan ya tsaya wa Maikano a rai. Akawu ne, mijin Barira ƙanwar Malam. Tun da arzikin fetur ya kai shi ga babur ya tara gashi kamar kwandon kaji, yake jefa Turanci ko da mai kayan miya yake ciniki. Allo kuwa tun yana yaro ya jingine, ajami a wurinsa tafiyar tsutsa ne.

Ga shi a cikin wasan ba ya shan ta da daɗi. Duk inda mutuminsa ya sa ƙafa sai ya gamu da kwaɗi, abin da Maikano ke tsoro a ɓoye, ko wata tsohuwa ta yi masa tsiya a kan munshari.

Ran nan haƙurinsa ya ƙare. "Gobe zan kai ka inda ba ka zana ba," ya ce. "In ka yi shiru, takardar nan ta zama tawa, ni zan riƙa jan wasan."

"In ban yi shiru ba fa?" Malam ya tambaya.

"A yi mini ƙwal-kwabo a gaban kowa."

Sada tela ya ce shi ne shaida.

Da safe Maikano na shan koko ya kasa riƙe bakinsa. Ya gaya wa Barira ba zai yi gabas ba, ba zai yi yamma ba. Rijiyar da ke tsakiyar garin farko, wadda kowa ke wucewa, ita zai faɗa.

"Allah ya ba da sa'a, maigida," ta ce.

Bai ji komai ba don ya faɗa mata. Macen da iyakar tafiyarta Dingaya, ita ma sau ɗaya, da ta yi mako a gidan suna, me ta sani?

Bayan azahar ya ɗaure kwanon tuwon Malam a bayan babur, kamar kullum, don tun da matar Malam ta rasu Barira ke yi masa girki. Malam ya karɓa ya shige zaure ya ja ƙyaure. Bai taɓa ce wa kowa bismilla ba, har 'yan wasa na kiransa marowaci.

Ranar har masu dara suka bar ramukansu suka zo kallo. Maikano ya soka mashaci a gashi ya ce, "Na faɗa rijiya."

Malam Ɗahiru ya lumshe ido. Ya ce gaba arba'in ƙasa akwai ƙofa. Bayan ƙofar gari ne na kwaɗi, da kasuwarsa da marinarsa, sarauniyarsu na fushi da ƙanenta a kan gadon wani tafki. Ya kawo unguwanni bakwai da sunayensu, ko tari bai yi ba.

"A bakin ƙofar kuma," ya ce, "wani wanzami na zaune yana wasa aska. Ya ce tun safe yake jiran wani akawu."

Sada ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Kafin magariba kan Maikano ya koma kamar bayan ƙwarya.

Ya kwana da baƙin ciki, amma gari na wayewa ya farfaɗo. Ya ce wa Barira yau rimin bakin kasuwa zai hau, ya wuce cikin gajimare, a ga ƙaryar yayanta. Ya gargaɗe ta kada ta gaya wa kowa.

"Ni da ko zaure ban leƙawa, wa zan gaya wa?"

Yana fita ta jawo tawada da alƙalamin kara. Ta cika takarda gaba da baya da labarin garin da ke cikin gajimare a rubutun ajami, ta linke, ta sa ƙarƙashin faifan kwanon tuwo yadda ta saba shekara biyu, ta ɗaure da ƙyalle, ta ajiye wa Maikano ya kai wa Yaya.