Motar da Ba Ta da Rufi

Kim-hok yana share ƙurar motar da gefen rigarsa ruwan ya sauko. Bai ɗaga kai ya dubi sama ba. Ruwan garin Lukang ba ya sallama.

Motar ja ce, ba ta da rufi. Irinta wansa Kim-liong yake so tun suna samari suna tura amalanken kifi a bakin teku. Ya sha faɗa cewa mota mai rufi akwati ce kawai da aka sa wa taya. Bai taɓa mallakar ko babur ba. Yau Kim-hok zai miƙa masa wannan, kafin rana ta take tsaka, daidai lokacin da mai duba ranaku ya tsayar. Irin wannan lokaci ba a ɗaga shi.

Kujerun ba su dame shi ba. Gaban motar ne abin ji: rediyo, agogon gudu, da ɗan allon nan mai nuna hanya. Wanda ya haɗa ta ya ja masa kunne cewa ɗigo ɗaya ya isa ya kashe allon. Kim-liong kuwa mutum ne mai ɓata a cikin kasuwar garinsu, ga shi hanyar da zai bi bai taɓa bin ta ba.

Rumfar tsakar gidan ta yage tun guguwar bara. Kim-hok ya shiga kicin ya zazzage shinkafa daga ledarta, ya lulluɓe gaban motar. Iska ta ɗage ledar. Ya mayar. Ta sake ɗagewa. Ya ciro abin maƙale shanya daga igiya ya kama gefunan a hankali, kamar mai taɓa ƙwai.

Direban da aka haɗo da motar yana zaune a kujerarsa, hannu a sitiyari, ruwa yana sauka a hularsa. Bai ko taimaka ba.

Siu-goat, matar Kim-liong, ta fito da lema.

"Ƙanin miji, da ka saya masa mai rufi kamar kowa, da yanzu muna ciki muna shan shayi."

"Shi ya ce ba ya son rufi."

"Ya ce abubuwa da yawa. Har cewa ya yi zai bar giya."

Kim-hok ya karɓe lemar daga hannunta ya riƙe a kan allon. Ruwa ya bi ƙeyarsa ya gangara cikin wando. Gwiwarsa mai ciwo ta fara magana. Iska ta turo motar gefe, ya tokare ta da ƙafa.

"Wannan direban naka ya fara laushi," in ji Siu-goat.

"Ba shi ne zai nuna hanya ba."

"Kada dai ka tura masa da ledar nan. Warinta zai cika unguwa."

Suka tsaya a haka, tsoho da tsohuwa. Ƙofar baya ta jiƙe ta lotsa. Kim-hok ya gani, ya kawar da kai. Mutum zai iya shiga ta gaba.

Can ruwan ya tsagaita. Ya miƙa mata lemar, ya zare ledar, ya sunkuya ya duba da kyau. Ya shafa allon da bayan yatsa. A bushe yake, ko layi ɗaya na hanyar bai goge ba.

"Zai isa," in ji shi.

Siu-goat ta share hancinta, ta kama bayan motar da hannu ɗaya, shi ya kama gaba. Suka ɗauke ta zuwa filin bayan haikali, inda 'yan uwa ke jira cikin fararen kayan makoki. Kim-hok ya ƙyasta ashana, takarda da goran da aka yi motar da su suka kama da wuta har da direban, hayaƙin ya ɗauki motar, kamar yadda al'adarsu take, zuwa wurin Kim-liong, wanda suka binne watan jiya.